Tafin Hannun Kakanka Bisa Murfin Inji

Zuwa ga ɗana, mai sunan Malam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah shi sa ka sauka Madani lafiya, kai da kayanka. Allah shi tsare ka ga hanya, shi tsare ka ga abokin banza, shi sa Usta Tijani, mai warsha, wato garejin fentin motocin da za ka, shi ji ka ga ranshi. Takardar ga uwarka na ba ta sa maka cikin jaka, ƙarƙashin jallabiyarka ta Juma'a, don in na miƙa maka da hannuna sai mu tsaya muna kallon ƙasa ni da kai, yadda munka saba. Kai ɗan fari ne, ba a zama da ɗan fari a yi ta zuba. Ka yi haƙuri da rubutun, ban yi nisa a makaranta ba, inda ka ga bai karantu ba ka faɗe shi da baki, za ka gane.

Ka ji abin da Usta Tijani ya ce gabanka. Za shi riƙe ka har a gama yankan riɗi. In aikinka ya zauna bisa mota, ka zauna. In mota ta dawo, ka dawo. Kuma ka san abin da za ka iske gida: kogi ya ci gaɓar gonarmu, abin da ya rage bai ishe ni da baffanninka ba, balle a yanka maka. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ba don na iya nike rubuta maka ba. Ni kaina baƙo ne cikin sana'ar ga. Da wayonka na aje hauya na shiga warshar Usta Babikir nan Sinnar, kuma har yau akwai abin da nike yi ban san dalilinshi ba, an dai ce in yi, na ƙi yi, na ga abin da ya biyo. Warshar da za ka, yawancin aikinsu alamoniya ne, farin ƙarfen nan maras nauyi irin na tukunyar uwarka, da shi ake janti, wato ƙarfen tsakiyar taya, da ƙofofin wasu motoci. Shi ne ya fi wahal da ni. To bari in faɗa maka inda na faɗi.

Farkon zuwana, aikina cire tsohon fenti. Ana jiƙa soda mai ci, a shafa ga ƙarfen lori, fenti shi kumbura, a kankare. Na iya wannan har na fara jin kaina. Ran nan anka kawo ƙofar wata tsohuwar motar daji. Na ɗaga na ji ba ta da nauyi, na yi mamaki a raina, amma ban tambaya ba, don kada a ce manomi bai san komai ba. Na shafe ta da soda na tafi shan shayi. Da na dawo na iske tana kumfa, ta yi zafi, ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Usta Babikir ya zo ya tsaya bayana, hannu a ƙugu.

"Ya zol, miya kake dafawa?"

Na ce fenti nike cirewa, Usta.

"Fenti ya fita, mabruk, barkanka. Ka ƙara mata kaɗan, ƙofar ma ta kusa fita."

Soda tana cin alamoniya, ban sani ba. Tambaya ɗaya da ta ishe ni. To ka samu mayen ƙarfe, ko na cikin tsohuwar rediyo ne, ka riƙa aje shi aljihu. Duk abin da anka ba ka, ka fara manna mishi. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In ya zame ya faɗi, ka tsaya ka tambaya kafin ka sa mishi komi. A yi maka dariyar tambaya da safe, kafin azahar an manta. Dariyar ƙofar nan kuwa har yau ana yi mini.

Sai kuma halin manomi na ƙin yar da abu. Takardar gugar nan mai yashi da suke ce ma sanfara, yaran warsha suna yar da ita da sauran ƙarfinta. Ni ko sai in bi in tsince, in ce ai ɓarna ce. Da irin wadda anka goge tsatsar lori na goge jantin wani mai boksi, wato a-kori-kura, aikin ya yi kyau, ya tafi shina murna. Bayan damina ya dawo, fenti duk ya yi ƙananan ƙuraje. Usta ya fasa guda da farce, wani farin gari ya fito. Ya ce ƙurar baƙin ƙarfe na cusa cikin alamoniya, kuma su biyu ba su shiri, in laima ta shiga tsakaninsu sai ɗaya shi ci ɗaya. Na ce, Usta, ai duk ƙarfe ne. Ya ce, "Ai da kura da akuya duk ƙafa huɗu ne, ka ɗaure su turke guda." Ban gane yadda ƙura za ta ci mota ba, har yanzu ma, amma na gani da idona. Sanfarar alamoniya daban, burushinta daban, tsummanta daban. Ka samu gwangwani ka ware su, kada ka ara, kada ka ba da aro.

Kuma ka wanke kafin ka goge. Ni da sai in fara guga, in ce ai guga za ta tafi da datti. Ashe tura maiƙon nike cikin ƙarfe. Ruwa da garin sabulu tukuna, shi bushe, sannan tinar, ruwan nan na tsinka fenti, da tsumma mai tsabta, guda na jiƙawa guda na ɗaukewa, sannan sanfara. In ka gama ka sake bi da tinar.

Wani abin da ya ruɗe ni, shi alamoniya bai yin jar tsatsa. Wata Alhamis na goge janti sunka yi fes, suna ɗaukar ido. Na ce ai wanga ba shi tsatsa, bari in jingine su, Asabar in fesa da sanyin safiya. Na fesa. Ba a daɗe ba fenti ya riƙa tashi kamar ɓawon albasa, kana ja shina biyo ka. Usta ya ce da zaran iska ta taɓa shi sai shi yi wata fata, ido ba shi ganinta, fenti kuma ba shi kama ta. Na ce to ta ina zan san ta yi? Ya ce ba za ka sani ba, shi ya sa ba a jira. Tun ran nan ba ni goge abin da ba zan iya rufewa tsakanin salla da salla ba. In ka goge bayan azahar, kafin la'asar shi sha asas, wato shafin farko da ke riƙe fenti. Kuma ba jan asas na lori ba. Akwai nashi, mai ruwa-ruwa, tsakanin ɗorawa da kore, mai warin tsami. A fesa shi siriri, har kana hango ƙarfe ta cikinshi. Ni farko na zabga mai kauri don in nuna ba ni da rowa, ya ƙi bushewa. Bayanshi sai wani asas mai toka-toka, a goge a hankali, sannan launi, shi ma kaɗan-kaɗan, ka bar kowane shafi shi sha iska. Kada ka fesa bisa ƙarfen da rana ta gasa. Da damina ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa cikin tukunyar kumbaresa, injin iskar fesa, in ba haka ba shi biyo iska shi ɓata maka aiki. Ka roƙi Usta Tijani abin rufe hanci na gaske. Ni rawani na riƙa naɗewa, ka dai ji tarin da nike yi da asuba.

Duk waɗannan Usta Tijani za shi koya maka, wataƙila fiye da yadda na faɗa. Akwai wanda ba za shi koya maka ba, don bai san muna da shi ba. Shi ne dalilin takardar ga.

Ka san motar kakanka, mahaifin uwarka, wadda ke ɗaukar mutane zuwa kasuwar Dindir. Ka san shatin tafin hannun nan bisa murfin inji, inda fenti ya tashi farin ƙarfe ya fito. Ka ji abin da mutanen ƙauyenmu ke cewa. Ga yadda anka yi.

Lokacin da ya kawo ta a sake mata fenti, na riga na koyi duk abin da na rubuta maka sama. Usta Babikir ya ce tunda motar surukinka ce, murfin inji naka ne, daga wanki har launi. Shi ne karon farko da anka danƙa mini bindigar fesa a babban aiki. Na wanke, na goge da sabuwar sanfara, na bi da tinar, murfin ya fito kamar azurfa. Usta ya tafi kasuwa neman launi, ya ce in sa asas kafin shi dawo. Ina cikin dama asas sai ga kakanka da abokanshi biyu, daidai lokacin fatur, wato kalacin hantsi. Na aika anka kawo ful, dafaffen waken nan, daga wurin mai shago, babban kwano, an malala mishi man riɗi har shina iyo. Ni ban ci da su ba, ka san ba ni cin abinci gaban shi, na koma gefe na tsuguna. Sunka ci, sunka ɗauraye hannu da ruwan buta, ba sabulu. Sai ya miƙe, ya tako har wurin murfin, ya tsaya shina kallo.

"Masha Allah. Kai ka yi wanga?"

Na ce da taimakon Allah, Baba.

"Ashe ɗiyata ba ta yi asara ba."

Bai taɓa faɗa mini irin haka ba tun da na auri uwarka. Kafin in gama jin daɗin, ya aza tafin hannunshi na dama tsakiyar murfin, ya danna, ya rufe ido ya fara addu'a. Ya roƙa ma motar tsari, ya roƙa ma masu shigarta, ya roƙa ma hannuna albarka. Abokanshi suna amin, ni ma ina amin, idona kuwa na bisa yatsunshi suna ƙyallin mai. Na ga hannun tun shina tahowa. Akwai lokacin da zan ce, Baba, dakata. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Da ya gama ya ja kujera ya zauna, ya ce shina so shi ga yadda ake fesawa. Tsumma da tinar suna nan kusa da ƙafata. Shafa biyu ta isa. Amma in ɗauki tsumma in goge wurin da surukina ya aza hannu ya yi addu'a, shina kallo, abokanshi suna kallo? Kamar na ce hannunshi ƙazanta ne, addu'arshi kuma abin gogewa. Na tsaya da bindiga a hannu ina roƙon Allah shi kawo Usta. Usta bai zo ba. Na fesa. Nan take na ga asas na gudu daga wurin, shina yin ƙananan ramu kamar inda yayyafi ya faɗi bisa rairayi. Na ƙara wani bisa, na rufe, na ce wataƙila Allah shi rufa asiri.

Mota ta fita shuɗiya, gari ya yi ta yabo. Kafin ƙarshen damina fenti ya tashi a wurin, tafin hannu da yatsu, ba inda ya taɓu sai nan. Ran da ta biyo ta gaban warsha Usta ya tsai da direba, ya daɗe shina dubawa, ya gwada nashi hannun bisa shatin, sannan ya kira ni.

"Miƙo hannunka."

Na miƙa, ya gwada, nawa bai cika shi ba.

"Ba naka ba ne. To na wa?"

Bai jira amsa ba, ya ƙara tambaya.

"Kana wurin?"

Na ce ina wurin, Usta.

"Kana da baki ran nan, ko ka baro shi gida?"

Da na faɗa mishi yadda anka yi, bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Ya ɗan'uwana, ni ma ina da suruki, ina kuma ganin girmanshi. Amma kunyar ga taku za ta rufe mini warsha." Ya karɓe bindigar. Na koma sanfara da wanki har wata damina ta zagayo, ina kallon waɗanda na girma suna fesawa.

Abin da ya fi ci mini rai, Usta ya ce a kawo murfin shi gyara kyauta, kakanka ya ƙi. Mutanen ƙauyenmu sun riga sun ce wurin addu'a ne fenti ya kasa rufewa. Mata masu zuwa Dindir suna shafa wurin kafin su hau. Shi ma ya yarda, shina ba da labarin a majalisa. To ga aikin da ya ɓaci shina wuce ƙofar warsha duk ranar kasuwa, mutanen Sinnar kuwa ba su san labarin addu'a ba, abin da sunka sani fentin Babikir ne ya tashi.

Na daɗe ina juya abin ga a raina, ina guga ina tunani. Ban ce kunya mugun abu ba ce, da ita iyayenmu sunka riƙe kansu a ƙasar ga, da ita anka san mu. Ban kuma ce addu'ar dattijo ba ta da amfani ba, motar nan ba ta taɓa kifewa ba, Allah ne masani. Abin da na kasa ganewa ran nan, ashe ana iya girmama mutum kuma a tsai da hannunshi. Ni na ɗauka dole sai ɗaya.

Ga yadda nike yi yanzu, ka ɗauki abin da ya yi maka. In na goge alamoniya sai in gitta igiya tsakanin ganga biyu. In na hango baƙo, ba ni jira shi iso, ni ke fita in tarbe shi bakin ƙofa, in miƙa mishi wuyan hannu mu gaisa, in tambayi gida da yara yadda ya kamata. Muna tahowa sai in faɗa tun da nisa: ma'alesh, ka yi haƙuri, ranka shi daɗe, ƙarfen ga tsirara shike, hannu na ɓata shi, ko nawa ne. Wannan "ko nawa ne" ita ke sa ba a jin haushi. Ran da na fara faɗin haka wani babban ɗan kasuwa ne daga Abu Na'ama, mai rawani kamar faifai. Sai kawai ya mai da hannuwanshi baya, ya sunkuya shina leƙe kamar yaro, ya ce ashe haka abin yake. Na koma bayan warsha na zauna ina mamakin abin da na ji ma tsoro. In kuma an riga an taɓa, ka goge. Ka ce, bari in sake wanke shi, haka aikin ke so. Ka goge a gabanshi, kada ka rufe maiƙo da fenti.

Naka hannun ma ka kiyaye shi. Bayan fatur sabulu, ba ɗauraya ba. Man riɗin da uwarka ta zuba maka a kwalba ka shafa bayan an tashi aiki, kada ka sosa kai ka taɓa ƙarfe.

Na san ka. Ka fi ni shiru. Tun kana ƙarami in baƙo ya zauna bisa takalminka sai ka tafi gida ba takalmi. Madani kuma masu motocin manya ne, da 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma, kowa in ya ga janti na ƙyalli sai hannunshi shi yi ƙaiƙayi. Usta Tijani ba za shi tambayi hannun wa ne ba, za shi tambayi aikin wa ne.

Saura magana guda. Kakanka za shi zo Madani wata mai kamawa a duba mishi ido. Ya riga ya gaya ma majalisa za shi biyo warsharku shi sa ma aikin jikanshi albarka, yadda ya sa ma motarshi. Ka san lokacin da shike isa wuri, ba shi kuskure fatur. Jiya da munka je ka yi mishi ban kwana, da ka fita, na tsaya da niyyar in gaya mishi gaskiyar murfin nan. Na zauna bakin tabarma, na gaishe shi, na tambayi idon, na tambayi shanu, na tashi. Wurin ɗan kasuwa na iya, wurinshi har yau ban iya ba.

Amma kai jika ne. Kai ke ɗauke mishi sanda ka ɓoye, kai ke ce mishi tsoho mai ran ƙarfe shi bi ka da zagi shina dariya. Abin da ba ya faɗuwa a bakina, a bakinka wasa ne. Ka tarbe shi bakin ƙofa, ka karɓi sandar, ka ce mishi tsoho hannu a aljihu, nan ba gonarka ba ce. In ya ce addu'a za shi yi, ka cire hula ka sunkuya, shi aza hannun bisa kanka. Can ne nike so ta zauna.

Allah shi yi maka albarka, shi tsare idonka da ƙirjinka da yatsunka. Allah shi sa aikinka shi zauna bisa ƙarfe, kai kuma ka zauna inda anka kai ka. Kada ka bar salla ta wuce ka don fenti, ka tsara gugarka yadda ba za su haɗu ba. Ka gaishe da Usta Tijani da kyau. Uwarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na bar ka hannun Wanda ba a ba shi ajiya ta ɓace.

Wassalam.

Mahaifinka, daga Sinnar.